Kafin a Tambayi Jigo: Launi da Zubi a Wani Zanen Paul Klee

Duk wanda ya yi karatun adabi a sashen Hausa ya san jerin da galibi muke bi wajen feɗe aiki. A kawo tarihin mai shi, a fito da jigo, a warware shi, sannan a juyo kan zubi da tsari, a rufe da salo da sarrafa harshe. Tsarin ya yi mana rana. Tun daga gadon feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, zuwa jagoran da Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka, ɗalibi ya samu turbar da zai bi ba tare da lalube ba. Sai dai abin da aka daɗe ana yi yakan zama jiki, har a manta cewa zaɓi ne aka yi tun farko. Mun saba ɗaukar jigo a matsayin kaya, zubi kuwa a matsayin mazubi, tamkar hatsi da buhu. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, akwai ayyukan fasaha da wannan jeri ba ya buɗe su, sai ma ya ƙara rufe su, kuma tataccen zanen shimfiɗar ƙasa yana sahun gaba a cikinsu. A irin wannan zane, wanda ya fara da tambayar jigo zai samu amsa da wuri, amsar kuma ita za ta hana shi gani.

Da tataccen zane ina nufin wanda mai shi ya dubi wani abu na zahiri, gona ko kogi ko tsauni, ya tace shi yadda ake tace gasara, ya zubar da dusar kamanni, ya riƙe launi da layi da ma'auni. Ƙasar tana nan a cikinsa, amma ba ka da inda za ka ɗora yatsa ka ce ga dabino, ga shadufu.

Misali ɗaya zan riƙe, domin irin wannan magana ba ta yiwuwa a kan zane goma a lokaci guda. Paul Klee, wanda aka haifa a 1879 kusa da birnin Bern na Suwizalan, ya kuma rasu a 1940, yana koyarwa a makarantar fasaha ta Bauhaus a garin Dessau na Jamus sa'ad da ya tafi Masar a watan Disamba na 1928. Wata guda ya yi. Ya ga Iskandariya da Alƙahira, ya nausa kudu har Luksor da Aswan, ya koma gida a Janairun 1929. A wannan shekara ya yi zanen da ya raɗa wa suna Hauptweg und Nebenwege da Jamusanci, wato Gwadabe da Ƙananan Hanyoyi. Fentin mai ne a kan ƙyalle, tsayinsa santimita 83.7, faɗinsa 67.5, yana kuma ajiye a gidan adana zane na Ludwig da ke birnin Kolon. A lura da ma'aunin tun yanzu: tsayi ya fi faɗi. Masu zanen shimfiɗar ƙasa a Turai sun saba kwantar da ƙyalle, domin ƙasa a kwance take, ido kuma yana share ta daga gefe zuwa gefe. Klee ya tsayar da nasa. Tun kafin a ɗiga launi ko ɗaya, an riga an gaya wa ido cewa tafiyarsa daga ƙasa zuwa sama za ta kasance.

Ga abin da ke kan ƙyallen. Layuka sirara, masu kama da waɗanda aka karta da tsinke a jikin ɗanyen shafe, sun ratsa shi a kwance tun daga gindi har sama, sun mayar da shi ziri-ziri. Wasu layukan kuma sun taso daga ƙasa sun nufi sama, suna karkata kaɗan-kaɗan. Biyu daga cikinsu sun fi sauran miƙewa, su ne suka shata gwadaben: yana da faɗi a gindin zanen, yana tsukewa yana hawa, yana bin kusa da tsakiya ba tare da ya zauna a kanta daidai ba. Dama da hagunsa hanyoyi ne ƙanana, wasu su lanƙwashe, wasu su tsuke su sake buɗewa, wasu su shige cikin maƙwabtansu su ɓace. Haɗuwar layukan kwance da na tsaye ta haifar da gurabe masu tarin yawa, kowanne da launinsa. Can sama sai layukan tsaye su ƙare, a bar shuɗi da shuɗi mai ruwan toka su ratsa daga gefe zuwa gefe. Babu mutum, babu dabba, babu itace, babu gini, babu inuwa.

Wanda ya ƙura ido zai ga cewa rabon nan ba na ganin dama ba ne. Akwai wata ƙa'ida da Klee ya yi ta aiki da ita a zane-zanen da ya yi bayan dawowarsa daga Masar: ziri guda idan ya ƙetare layin tsaye sai ya rabu biyu, idan ya ƙetare na gaba biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas, a wani wurin kuma su sake haɗewa su koma yadda suka fito. Saboda haka manyan gurabe suna kan gwadabe, inda ido ke taka su ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, gefe kuwa cike yake da sirara masu sa ido sassarfa. Abin da aka kira babbar hanya, wurin da rabo bai yi yawa ba ne. Abin da aka kira ƙananan hanyoyi, wurin da rabo ya ninka ne. Wannan ita ce magana ta farko da zanen ya yi, kuma da lissafi ya yi ta.

Bai kamata wannan ya zame wa manazarcin waƙa baƙon abu ba. Mun san cewa a ma'aunin waƙar Hausa gaɓa mai nauyi tana daidai da gaɓa biyu marasa nauyi. Shi ya sa a karin Kamil mawaƙi kan sa gaɓa ɗaya mai nauyi a gurbin biyu marasa nauyi, ƙafar ba ta karye ba, amma tafiyar baitin ta sauya. Lokacin da aka ci ɗaya ne, yawan takun ne ya bambanta. Klee ɗan gidan kiɗa ne: mahaifinsa malamin kiɗa, matarsa Lily makaɗiyar fiyano, shi kansa ya iya gogen Turawa tun yana yaro. Rubutun kiɗan Turai kuwa a kan rabi-da-rabi aka gina shi, sauti guda ya rabu biyu, huɗu, takwas. Dalilin kawo wannan shi ne in tuna mana cewa ba mu taɓa tsare karin Kamil mun tambaye shi jigonsa ba, amma mun yarda yana aiki a jikin mai sauraro kafin ma'anar kalmomi ta iso. Haƙƙin da muka ba kari a kunne, shi nake nema wa zubi a ido.

Abu na biyu da zubin ya yi ya fi wannan wuyar kamawa. Layukan da ke tsukewa suna hawa, dabarar nuna nisa ce da masu zanen Italiya suka daidaita tun ƙarni na 15: abin da ya yi nisa ya ƙanƙance, hanya ta tsuke har ta ɓace inda ƙasa ta haɗu da sama. Idan aka bi wannan, mai kallo yana tsaye ne a bakin hanya yana hangen gaba. Amma guraben gefe ba su yi wa dabarar cikakkiyar biyayya ba. Suna nan a baje kamar gonakin da aka hango daga jirgin sama, ko taswirar mai awon fili. Sannan ziri-zirin da ke kan gwadaben, da yake a jere suke wani bisa wani a ƙyallen da ke tsaye, suna iya zama matakala, ido ya ji hawa yake yi maimakon tafiya. Wuri uku ke nan aka tsayar da mutum ɗaya: a ƙasa, a sama, da gindin tsani. Zanen bai zaɓa masa ɗaya ba. Duk sa'ad da ido ya zauna a kan ɗaya, sai wani karkataccen layi ya ture shi zuwa wani. A ganina daga nan ne motsin da ake ji a zanen yake fitowa, alhali ba a zana abu ko ɗaya mai motsi ba.

Sai launi, inda harshenmu yake shiga maganar kai tsaye. Launukan zanen ba su da yawa: shuɗi, kore mai ɗaukar shuɗi, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, da ruwan toka a tsakani. Kusan dukkansu an sirka su da haske, kamar tufafin da suka sha wanki da rana. Babu baƙi mai nauyi, babu ja irin na jini.

A dubi jerin da na kawo yanzu. Fiye da rabinsa da kalmar ruwa aka gina shi, kowane launi kuma ya zo da abinsa a hannu: goro, garin ɗorawa, hodar kwalliya, tokar murhu. Ko waɗanda ba su ɗauki ruwa ba, tushensu a fili yake. Shuɗi daga aikin marina ya fito, rawaya kuwa sunan tsiron da ake samun rinin a saiwarsa ne. Fari da baƙi da ja su ne tsofaffin gida, kuma faɗinsu ya wuce abin da ɗan makaranta ke zato: rawanin ɗan Kura da ya sha baba da bugu baƙi muke ce masa, akuyar Sakkwato kuma ja ce a bakinmu ko da yake ruwan ƙasa ta fi kusa da shi. Tun bayan littafin Berlin da Kay na 1969 kan tushen sunayen launi, an yi ta ƙirga wa harsuna kalmominsu na launi kamar ana ƙirga dukiya, wanda ya tara goma sha ɗaya ya zama attajiri. Wannan ƙirge ba ya amfanar mai tsayuwa gaban zane. Abin da yake buƙata shi ne ya san abin da kalmarsa take jawowa. Idan na ce wani gurbi ruwan goro ne, na shigo da goro cikin zanen da babu goro, tare da bikinsa da ɗacinsa. Idan na ce shuɗi, karofi ya biyo ni. Wannan ƙarfi ne, domin kalmar ta zo da jiki da nauyi da danshi, ba ta tsaya a matsayin lamba a jikin gwangwanin fenti ba. Haɗari ne kuma, domin manazarcin da bai yi hattara ba zai wayi gari yana feɗe goro da baba, ya bar abin da Klee ya shafa.

Akwai wata kafa a nahawunmu da nake ganin ta fi dacewa da wannan zane. Idan Bahaushe zai ƙarfafa launi, amsa-kama yake ɗauka: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Waɗannan duka ƙarshen launi suke nunawa, inda ya cika ya batse. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta da wurin zama a Gwadabe da Ƙananan Hanyoyi. Amma idan zai sassauta launi, sai ya ninka kalmar: fari-fari, shuɗi-shuɗi, kore-kore, jaja-jaja. Zanen gaba ɗayansa a wannan yanki na ninki yake zaune. Shuɗinsa shuɗi-shuɗi ne, korensa kore-kore, ba wanda ya kai iyakarsa. Harshen da ke da ginanniyar hanyar cewa launi ya kusa amma bai kai ba, ba shi da uzurin cewa ya rasa kayan aikin bayyana irin wannan zane.

Me ya sa launuka masu rauni haka suke haske? Amsar tana wurin marini. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris. Aka kai masa kukan cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fita yadda ake so a jikin saƙa. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, maƙwabtaka ce ta ɓata shi: baƙin da aka jera kusa da shuɗi ba ya kama ido kamar wanda aka jera kusa da wani launin. Daga nan ya fitar da littafinsa na 1839, inda ya nuna cewa launuka biyu idan suka jeru, kowanne yana tura ɗan'uwansa zuwa kishiyarsa. Shuɗi da ruwan goro kishiyoyi ne, haka ja da kore. A kan waɗannan kishiyoyi biyu Klee ya ɗora zanensa, bayan ya rage wa kowane launi ƙarfi. Gurbin ruwan goro da ke kusa da shuɗi ya fi ainihinsa zafi a ido, shuɗin kuma ya fi ainihinsa sanyi. Ruwan hoda, wanda ja ne da ya sha fari, yana tayar da koren da ke gefensa. Hasken zanen daga kan iyakoki yake fitowa, iyakoki kuwa sun fi yawa inda rabo ya fi yawa, wato a ƙananan hanyoyi. Nan ne launi da zubi suka zama abu ɗaya: lissafin da ya yawaita gurabe shi ne ya yawaita ƙyalli.

Akwai kuma inda launin ya ƙi bin layi. A al'adar zanen Turai, abin da ke kusa akan ba shi launi mai ɗumi, abin da ke nesa a dusashe shi da shuɗi, domin haka iska ke yi wa tsaunin da aka hango. Klee ya ajiye shuɗi a can sama kamar zai bi al'adar, sannan ya warwatsa shi cikin gurabe har zuwa ƙasa, ya kuma haura da launuka masu ɗumi har kusa da ƙarshen hanya. Layi yana cewa nesa, launi yana cewa nan. Idon da ya bi gwadaben ya isa shuɗin sama ba ya samun wurin sauka, domin wannan shuɗi ya riga ya gamu da irinsa a gindin zanen, sai ya sake gangarowa ta gefe.

Yanzu a dawo kan jigo. Ka ba ɗalibinmu sunan zanen kafin ya dube shi, ka ga yadda aiki zai ƙare cikin minti biyar. Ga miƙaƙƙiyar hanya a tsakiya, ga karkatattu a gefe suna ɓacewa, ga shuɗin sama a matsayin makoma. Jigon gargaɗi ne, ko wa'azi, a kawo hanyar lafiya a bi ta da shekara, a rufe babi. Karatun yana da tsari, yana da daɗin rubutawa, kuma zanen ya ƙaryata shi. Gwadaben ba shi da launin kansa da zai fifita shi. Launukan da ke gefe su ne a cikinsa. Ƙananan hanyoyi da dama sun isa shuɗin da ya isa. Mafi yawan ƙyalli da wasan launi a gefe suke, gwadaben kuwa shi ne wuri mafi sauƙin lissafi a duk ƙyallen. Da Klee yana wa'azin miƙaƙƙiyar hanya ne, da ya zama mai wa'azin da ya ƙawata ɓata fiye da shiriya. Wanda ya fara da launi da zubi ba zai faɗa wannan rami ba, domin kafin ya isa ga suna ya riga ya ga abin da sunan ba zai iya ɗauka ba.

Ban ce a jefar da sunan ba. Klee mutum ne mai kula da sunayen ayyukansa, yana rubuta su da hannunsa, yana shigar da kowanne cikin kundin lissafi da lambarsa. Sunan yana da aiki: shi ne ke hana mu ɗaukar zanen a matsayin luru ko shimfiɗar ɗaki, ya ce mana ƙasa ce, a taka. Amma ƙofa ce kawai, ba a kwana a bakinta.

Haka ma labarin Masar. Yana da amfani idan ya zo bayan ido ya gama nasa aikin, domin a lokacin ne zai amsa tambayar da zanen ya riga ya tayar: wace irin ƙasa ce ake rabawa haka? Kwarin Nilu ƙasa ce da ruwa da awo suka yi. Madatsar Aswan ta farko, wadda aka gama a 1902, ba ta hana ambaliyar shekara-shekara ba, sai babbar madatsar da aka kammala a 1970 ce ta kawo ƙarshenta. Klee ya iso a Disamba, bayan ruwa ya janye, shukar hunturu ta fito, gonaki suna jere fangali-fangali tsakanin magudanai. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin tarihin Girka Hirodotus ya danganta asalin ilmin awon fili da buƙatar Masarawa ta sake auna gona idan kogi ya ci wani sashe nata, domin a daidaita haraji. Masarawan dauri ma da launi suka raba duniyarsu: ƙasar noma Kemet, wato baƙar ƙasa, hamada kuwa Deshret, jar ƙasa. Abin lura shi ne Klee bai ɗauki baƙin ba, bai ɗauki jan ba. Abin da ya ɗauko shi ne awon, da hasken da ke kwance a kansa. Shuɗin sama kuwa, masu sharhi da yawa sun karanta shi a matsayin Nilu, wasu a matsayin samaniya. Idan kogi ne, hanyoyin duka gangara ruwa suke yi, kamar yadda kowace gona a can take fuskantarsa. Idan samaniya ce, hawa suke yi. Ban ga dalilin tilasta wa zanen ya zaɓi ɗaya ba, tunda ya ƙi zaɓa mana ko wurin tsayuwa.

Akwai suka mai nauyi da ya wajaba in fuskanta, kuma na san daga cikin masu karanta wannan mujalla za ta fito. Za a ce: Bature ya yi wata guda a Masar, ya koma ɗakin aikinsa a Jamus, ya fitar da ƙasar da babu Bamisire ko ɗaya a cikinta. A shekarar da ya yi zanen, Masar tana da 'yancin da Ingila ta ba ta a 1922, amma sojan Ingila suna nan, Sarki Fu'adu yana kan gado, kuma a watan Mayun 1929 aka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan Nilu tsakanin Masar da Ingila, wadda ta yi magana da yawun ƙasashen da take mulka a saman kogin. Gonakin nan masu kyan gani, kaso mai yawa nasu yana hannun tsirarun masu ƙasa, talakawa manoma suna yi musu aiki, har sai da dokar rabon ƙasa ta 1952 ta taɓa lamarin. Wanda ya karanta littafin Edward Said na 1978 zai ce wannan tsohuwar ɗabi'a ce: a mayar da Gabas launi da haske, a share mutanenta. Ashe karatun launi da zubi ba hanya ce ta kauce wa wannan ba?

Sukar tana da gaskiya, ba kuma zan rage mata ba. Amma a lura da inda ta samo hujjarta mafi ƙarfi. Rashin mutum a zanen, da kallon gona daga sama kamar taswira, da mayar da ita lissafin biyu da huɗu da takwas, duk abubuwa ne da sai wanda ya karanta zubin zai iya nunawa. Kallo daga sama kallon mai awo ne, mai karɓar haraji, mai ƙasa. Manomi ba ya ganin gonarsa haka. Yana ganin ta daga tsayin fartanya. Ga wanda yake son kare Klee kuma, a zubin zai samu abin kariya: layukan ba na rula ba ne, suna rawa, suna kaucewa, suna ɗauke da alamar hannu, ƙa'idar rabon kuma tana yawan karyewa a gefe, inda ƙananan hanyoyi suke bin son ransu. Ana iya cewa sawun aikin ɗan'adam ya cika zanen ko da yake an cire ɗan'adam ɗin. Ni dai ina ganin wannan kariya ta rage laifin amma ba ta wanke shi ba, domin sawun aiki ba tare da ma'aikaci ba shi ne daidai abin da mai gona yake son gani. Duk ɓangaren da mutum ya ɗauka, da shaidar launi da layi zai yi shari'ar. Wanda ya tsallake su ya tafi kai tsaye ga Said, hukuncin da ya zo da shi daga gida kawai zai karanta, kuma zai yi daidai da kowane zanen kowane Bature, wanda hakan ke nuna bai shafi wannan zane ba.

Saura ramin da ya fi kusa da mu. Idon Bahaushe ba baƙo ba ne ga siffar da ba ta kwaikwayon mai rai. Ya tashi yana ganin zanen bango a Zariya da Kano da Damagaram, da dagi, da aska takwas a ƙirjin riga, da zayyanar allo, da sassaƙar ƙwarya. Wannan gado yana sauƙaƙa mana tsayuwa gaban tataccen zane ba tare da neman fuska ko doki a ciki ba. Amma yana iya sa mu ce wa aikin Klee ado, mu wuce. Aska takwas tana da suna da gurbi, mai ɗinki yana maimaita ta, gwanintarsa kuma a cika ta take. Zanen Klee yana kafa ƙa'ida ne domin a ga inda ta goce. Mai neman daidaito irin na ado zai ɗauki gocewar a matsayin kuskure, alhali a nan maganar take.

Rabin wannan aiki na harshe ne, shi ya sa na kawo shi nan. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma har yau ana koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello, a harabar da ake koyar da Hausa. Sharhin ayyukan da ke fitowa daga can, da Turanci aka fi yin sa. Idan za a yi shi da Hausa, kalmomi irin su tataccen zane da gurbi da kishiyar launi da na yi amfani da su a nan shawara ce kawai, ana iya samun waɗanda suka fi su. Abin da zai tace su shi ne a yi ta gwada su a kan zane ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ƙafa da kari da amsa-amo suka zauna bayan an yi ta aza su a kan waƙoƙi.

Mafi yawanmu a fuskar waya ko kwamfuta za mu ga Gwadabe da Ƙananan Hanyoyi, kuma hotunansa da ke intanet ba su yi daidai da juna ba: wani ya rinjayi shuɗi, wani ya rinjayi ɗorawa. Saboda haka mai nazari ya faɗi hoton da ya duba, ya kuma fi dogara da dangantaka, wato wane gurbi ya fi wane haske, wane launi ke maƙwabtaka da wane, domin wannan ya fi jure sauyin na'ura fiye da ainihin launin. Kaushin shafen da sirantar layukan kuwa gilashi yana cinye su kusan duka. Girman ma yana ɓata, domin a tafin hannu ido yana haɗiye zanen a loma ɗaya, ba ya tafiya a cikinsa. Ga malamin da zai kai shi aji, akwai dabara mai arha: a yanko takarda mai tsayin santimita 84 da faɗin 68, a manna ta a bango daidai tsayin ido, ɗalibai su tsaya taku biyu daga gare ta su ga iyakar filin da ido zai ratsa, sannan a nuna musu hoton, a riƙe sunan sai ƙarshen darasi.